Manzannin Ciki: Yadda Yunwa da Ƙoshi Suke Motsa Hanji

Manoman Tasawa da Mayahi, daga Korgom da Maijirgi har zuwa Kanambakashe, barkanku da aiki. Darasinmu na yau a kan ciki yake. Kowa ya san ƙugin da ciki ke yi in hantsi ya dubi ludayi ba a sha fura ba. To, wane ne ke sa shi wannan ƙugi?

Ku sani, tumbi da hanji ba buhu ba ne da ake zuba abinci a ƙyale. Jikinsu tsoka ce mai matsewa tana saki, tana tura abinci gaba. Ƙaramin hanji kaɗai ya kai wajen mita 6. Wannan tsoka kuwa ba ta aiki da ka. Akwai waɗansu sinadarai da jiki ke zubawa cikin jini, suna kai mata saƙo. Likitoci suna ce musu homon, mu kuwa bari mu kira su manzanni.

Manzo na farko sunansa girelin. Masanan ƙasar Japan suka gano shi a 1999. Tumbi ke yin sa. In tumbi ya zama fanko sai ya yawaita cikin jini, ya je ƙwaƙwalwa ya ce a nemo abinci, ya kuma zuga tumbi ya yi ta motsi. Da an ci, sai ya ragu.

Na biyu shi ne motilin, wanda farkon ƙaramin hanji ke fitarwa. In ciki ba kome, duk bayan kamar awa ɗaya da rabi zuwa awa 2 sai ya ta da wata matsa mai ƙarfi, ta faro daga tumbi ta bi hanji, ta kwashe ragowar abinci da ƙwayoyin cuta. Kamar dai mace ce ke share tsakar gida bayan an gama sussuka. Yawancin ƙugin da kuke ji na wannan shara ne. Ba cuta ba ce.

Sa'an nan akwai manzannin ƙoshi. Babbansu an gano shi tun 1928, ana taƙaita sunansa CCK. In abinci mai maiƙo, ko wake, ko nama, ko nono ya sauka ƙaramin hanji, sai ya fito ya matse matsarmama ta zuba ruwanta, ya ce wa tumbi ya riƙa sakin abinci kaɗan-kaɗan, ya kuma shaida wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Wannan saƙo yana ɗaukar lokaci kafin ya isa. Shi ya sa mai cin abinci da gaggawa yakan wuce ƙa'ida kafin ya farga.

Abincinmu na gargajiya yana da nasa amfani a nan. Wani bincike da aka yi a Bamako, aka buga a 2018, ya nuna tuwon gero da na dawa sukan daɗe a tumbi kusan ninki biyu na shinkafa ko taliya. Ashe manomin da ke cewa tuwo ya fi riƙe ciki gaskiya gare shi. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Yanzu sai ku buɗe kunne, musamman iyaye mata. Tumbin yaro ƙarami ne. In an cika shi da kunu mai ruwa-ruwa, tumbi zai miƙe, yaro ya ji kamar ya ƙoshi, alhali abincin da ya shiga jikinsa kaɗan ne. Don haka a dama kunun yaro da kauri, a sa masa tunkuza ko garin wake ko ɗan mai. Daga wata 9 zuwa shekara 2 a ba shi sau 3 ko 4 a yini, ban da nonon uwa.

Abu mafi haɗari shi ne yaron da ya daina neman abinci. Zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da tamowa mai tsanani duk suna kashe sha'awar ci, hanji kuma ya yi rauni. Tun yunwar 2005, lokacin da aka yi jinyar dubban yara a jihar Maraɗi da kwaɓin gyaɗan nan mai suna Plumpy'Nut, ma'aikatan lafiya suna gwada yaro mai tamowa da shi. In ya ci, a ba uwa ta ci gaba da ba shi a gida. In ya ƙi, sai a kwantar da shi asibiti. Kada uwa ta ce yaro ba ya kuka, ya ƙoshi. Yaron da ya rame kuma ya ƙi abinci, a kai shi gidan likita ran nan, kada a jira ranar kasuwa.

Ga tambayoyi don ƙungiyoyin masu saurare. Me ke kawo ƙugin ciki? Me ya sa ake son kunun yaro ya yi kauri? Me za a yi in yaro ramamme ya ƙi abinci? Ku tattauna da malaminku na yaƙi da jahilci, ku rubuto mana amsa da hannunku.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.