Wace na'ura zan saya in buga tsofaffin gem a talabijin?

Hirar yau ta ɗan bambanta da wadda muka saba. Makon jiya wani ƙanena ya turo min hoton wani ɗan abu kamar filashi da ake sokawa a bayan talabijin, an rubuta a kwalinsa wai akwai gem dubu goma a ciki. Ya ce, "Yaya, in saya?" Kuɗin nan wata uku ya yi yana tara su, yana taya wani mai shago aiki. Na ce masa ya dakata tukuna. Ni na taɓa sayen irinsa, yanzu haka yana cikin durowa, tun da katin memorin da ya zo da shi ya mutu bai ko cika wata biyu ba.

To bari mu fara da yadda abin yake aiki, don in ka gane wannan ba mai yi maka wayo a kasuwa. Abin da ake kira emuleta manhaja ce da take sa wata na'ura ta kwaikwayi wata. Gem ɗin da aka rubuta wa Sega yaren injin Sega kaɗai yake ji. In ka sa shi a kwamfuta, dole a samu tafinta a tsakani da zai riƙa fassara kowane umarni nan take, ya kwaikwayi sashen hoto, ya kwaikwayi sashen sauti, kuma duk su tafi lokaci guda. Wannan fassarar ce take cin ƙarfi. Shi ya sa na'urar da za ta yi kwaikwayon sai ta ninka ta asalin ƙarfi sau da yawa. Injin Famicom na Nintendo, wanda ya fito a Japan a 1983, furosesansa bai kai megahaz 2 ba. Shi ne uban abin da muka taso muna kira famili gem. PlayStation ta farko, ta 1994, tana kusan megahaz 34. PlayStation 2 kuwa, ta shekarar 2000, ta doshi megahaz 300, ga wasu sassa da dama da suke aiki tare da furosesan a wani tsari mai wuyar kwaikwaya. Kun ga tazarar ba kaɗan ba ce.

Saboda haka kafin ka tambayi wace na'ura ce ta fi kyau, tambayi kanka wane gem kake son bugawa. Ka faɗi sunansa.

In Mario ne, ko Contra, ko Sonic, ko Mortal Kombat na Sega, wato zamanin Famicom da Mega Drive ta 1988 da Super Nintendo ta 1990, kusan duk abin da ka samu zai ɗauke su. Har tsohuwar wayar da ka ajiye. PlayStation 1 ma, su Tekken 3 da Crash, ba ta da nauyi sosai a yau. Daga Nintendo 64 ta 1996 da Dreamcast ta 1998 da PSP ta 2004 ne ƙananan na'urori suke fara haki. Sai kuma PS2 da GameCube da Wii, su nasu lissafin daban ne.

Kuma nan ne matsalar take. Mu da muka taso a gidajen gem na unguwa, ana biyan kuɗi a buga ƙwallo, wanda aka ci ya miƙa hannun gem ga na gaba, yawancinmu PS2 muke kewa: PES 6, God of War, San Andreas. Wannan ɗan filashin mai gem dubu goma ba zai ɗauki PS2 ba, komai aka zana a kwalinsa. Dubu goman ma a duba. Gem ɗaya za ka gan shi sau uku sau huɗu, na Japan, na Amurka, na Turai, ga waɗanda aka ɗan canza wa kala aka ba su sabon suna. Ban ce ba shi da amfani sam ba. In yara ƙanana za ka saya wa su buga Mario, kuma ka kwafe abin da ke katin ka mayar a kati mai kyau, zai yi. Amma ka san abin da ka saya.

Sai akwatin Android da waya. Akwai RetroArch da ke tattara emuletoci da yawa wuri ɗaya, akwai PPSSPP na gem ɗin PSP. In kana da su a gida, gwada kafin ka kashe ko kwabo. Abu ɗaya dai: ba kowace waya mai USB-C ce take fitar da hoto zuwa talabijin ba. Mutane da yawa sun sayi igiyar, suka dawo gida suka tarar wayarsu ba ta yi.

Yanzu Raspberry Pi, wadda duk wanda ya bincika batun nan sai ya ci karo da sunanta. 'Yar kwamfuta ce girman katin banki, daga Ingila, ta fara fitowa a 2012. Pi 4 ta zo a 2019, Pi 5 a 2023. Ana ɗora mata RetroPie ko Recalbox ko Batocera, sai ta tashi kai tsaye cikin jerin gem, ba sai da linzami ko allon rubutu ba. Pi 4 tana ɗaukar komai har zuwa PS1 lafiya lau, tana taɓa Dreamcast da PSP, wasu su yi daidai wasu su riƙa tsayawa. Pi 5 ta fi ta sosai a wannan ajin. Ina son Pi, gaskiya. Amma dala 35 ɗin nan da ake cewa Pi 4 ta fara da ita, kuɗin allon ne zalla. Sai ka sayi gidanta, ka sayi cajarta, ka sayi kati, ka sayi igiyar da bakinta ƙaramin HDMI ne don babba ba ya shiga, in Pi 5 ce ka ƙara da fanka don tana zafi. Ka haɗa da kuɗin kawowa da canjin dala. Kafin ka ankara ka kusa kuɗin ƙaramar kwamfuta ta hannu.

Kuma a ganina, ga mai son PS2, ƙaramar kwamfutar ofis ta hannu ita ce amsa. Irin su Dell OptiPlex, HP EliteDesk, Lenovo ThinkCentre, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suke sallamawa su shigo mana tokumbo. Dalili kuwa, PCSX2, emuletan PS2 da ya fi kowanne nuna, don kwamfuta aka gina shi, haka Dolphin na GameCube da Wii ya fi sakewa a can. Ka nemi Core i5 daga ƙarni na shida zuwa sama da ram giga 8. In ka samu mai Ryzen ya fi, don sashen hotonsa ya fi na Intel na wancan lokacin ƙarfi. Gem da yawa za su tafi daidai a girman hotonsu na asali, masu nauyi kuma wasu za su riƙa ɗan ja. Sannan ka juya bayanta ka duba: da yawansu DisplayPort gare su ba HDMI ba, sai ka haɗa da ɗan mahaɗi.

Af, kafin in manta. In PS2 ce kaɗai damuwarka, me zai hana ka sayi PS2 ɗin kanta ta hannu? Ba fassara, ba saiti. Matsalarta biyu: idon da ke karanta faifai yana gajiya, sannan wasu sababbin talabijin ba su da ramukan nan uku, ja da fari da rawaya, sai ka nemi abin da zai mayar da su HDMI.

Sai maganar wuta, wadda masu bidiyo na ƙasashen waje ba sa ko ambata don ba ta dame su ba. Pi 4 ba ta kai wat 15 ba ko ta ƙure, fawa banki mai ba da bolt 5 da amfiya 3 zai iya riƙe ta. Ƙaramar kwamfutar ofis cajarta kan kama wat 65, har yanzu sola ta gida za ta ɗauka. Babbar kwamfuta mai katin hoto kuwa, wannan sai da shiri. Abin tsoron shi ne ɗauke wuta ana tsaka da rubutu a katin memori, nan ne kati yake lalacewa. Ka riƙa kashe na'urar ta cikin menu, ba zare waya ba. Ka ajiye kwafin katin a wani wuri. Kuma ka yi hattara da katin jabu, wanda aka rubuta giga 128 alhali cikinsa bai kai ba. Akwai wata 'yar manhaja kyauta, H2testw, da take cika katin ta sake karantawa ta faɗa maka gaskiyarsa.

Talabijin ɗin ma yana da nasa. Wani zai ce Mario ya yi masa nauyi, ya danna tsalle sai ya faɗa rami, ya ɗauka hannunsa ne ya mutu. Sau da yawa talabijin ne. Sababbin nan suna tsayawa gyara hoto kafin su nuna shi, alhali a gem mai hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto bai cika milisakan 17 ba. In talabijin ya riƙe hoto biyar, hannunka zai ji. Ka shiga saiti ka kunna abin da aka rubuta Game Mode. Hannun gem mai waya kuma ya fi kwanciyar hankali, ga shi ba ruwanka da batir. Hoton ma ka bar shi a 4:3 yadda aka zana shi, ko da baƙi zai fito gefe da gefe, in ba haka ba 'yan ƙwallonka duk sai su yi ƙiba. In gem yana da na Turai da na Amurka, ɗauki na Amurka: tsarin Turai hoto 50 ne a daƙiƙa, tsofaffi da yawa irin su Sonic na farko suna tafiya a hankali a kansa, har kiɗan. Wanda yake da tsohon talabijin mai ƙusumbi kar ya yar, don shi aka yi gem ɗin nan. Pi 3 da Pi 4 suna da ramin da ke fitar masa da hoto, Pi 5 an cire mata. Bindigar harbin agwagwa ta asali ma a kansa kaɗai take aiki.

Doka fa? Emuleta ita kanta, wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta goyi bayan kamfanin Connectix a shari'arsa da Sony a 2000, kan emuletan PlayStation da ya yi. Amma a 2024 masu Yuzu, emuletan Switch, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 suka rufe. Gem ɗin kansu da fayil ɗin BIOS da PS2 take buƙata, haƙƙin mallakar kamfanoninsu ne har yau, tsufa bai sa sun zama na kowa ba. Hanya mai tsafta ita ce ka kwafo daga faifanka da na'urarka. Wanda zai buɗe gidan gem ya riƙa karɓar kuɗi, shi ya fi kowa buƙatar ya san wannan.

Ƙanen nawa da na tambaye shi, PES 6 yake so, shi da abokansa ranar Asabar. Kun ga da ya sayi filashin nan, da kuɗin wata uku sun tafi a kan abin da ba zai buɗe gem ɗin ba ma. Mun yanke zai ƙara wata biyu yana tari. Ranar da za mu shiga kasuwa zan sa Batocera a filashi, mu tafi da hannun gem ɗinmu, mu ce wa mai shago ya bari mu tayar da kwamfutar daga filashin mu buga wasa ɗaya cikakke. In sauti bai kakkarye ba, 'yan wasa ba su ja ƙafa ba, sai a yi ciniki. In ya hana gwaji, mu wuce shago na gaba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.