Dokar Ruwanda da Iyakar Ikon Majalisa

Tun da Majalisar Birtaniya ta zartar da doka a watan Afrilun 2024 tana ayyana Ruwanda a matsayin ƙasa mai aminci ga masu neman mafaka, alhali Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a Nuwamban 2023 cewa ba haka abin yake ba, wasu masu sharhi a Najeriya ke kafa hujja da ita cewa majalisa a ko'ina gaba take da kotu. Sun ɗauko hukuncin wani gida sun liƙa wa wani.

Abin da ya ba Birtaniya wannan dama shi ne ƙa'idar fifikon majalisa, wadda masanin shari'a Dicey ya fayyace a 1885, wato majalisa na iya kafa ko soke kowace doka, kuma babu kotun da za ta rushe abin da ta zartar, domin ƙasar ba ta da kundin tsarin mulki guda rubutacce da ya fi majalisa ƙarfi. Najeriya kuwa tana da shi, kuma sashe na 1 na kundin 1999 ya ce duk dokar da ta saɓa masa ba ta da inganci.

Abin da aka fi mantawa shi ne Najeriya ta taɓa ɗanɗana ikon yin doka marar linzami. A 1970, a shari'ar Lakanmi, Kotun Ƙoli ta soke dokar soja mai lamba 45 ta 1968, wadda ta ƙwace dukiyar wasu mutane da ta ambata da sunayensu, bisa hujjar cewa mai yin doka ya shiga rigar alƙali ya yanke hukunci ba tare da shari'a ba. Cikin 'yan makonni gwamnatin Gowon ta fitar da doka mai lamba 28 wadda ta shafe hukuncin, ta kuma haramta wa kotuna tuhumar ingancin dokokin soja, salon da gwamnatocin sojan da suka biyo baya suka yi ta maimaitawa har 1999.

Daga wannan tabo ya kamata a karanta sashe na 4 na kundin 1999, wanda ya hana majalisa kafa dokar da za ta ƙwace hurumin kotu, ya kuma hana ta hukunta mutum kan aikin da bai zama laifi ba lokacin da ya aikata shi. Abin takaici ne a ji ɗan majalisar da ya rantse da wannan kundi yana ƙorafin cewa alƙalai sun yi masa katsalandan. In gyara yake so, sashe na 9 ya shimfiɗa hanya, kuma sai da amincewar majalisun dokokin jihohi 24 aƙalla daga cikin 36.