Barazana da Hukuncinta a Ƙasar Gobir

A watan Mayun 2025 labari ya bazu cewa jagoran 'yan bindiga Bello Turji ya ba mutanen Bafarawa da Kamarawa da Arume, a ƙaramar hukumar Isa, wa'adin su tashi daga garuruwansu, kuma da yawa daga cikinsu ba su tsaya ganin ko zai cika maganarsa ba, suka ɗaure ƙunshinsu suka nufi inda suke zaton samun aminci, alhali damina tana ƙofa, gonaki suna jiran shuka. Wanda ya san abin da ya auku a kusa da Gidan Bawa a watan Disambar 2021, inda aka ƙone matafiya fiye da 20 a cikin motar da ta taso daga Sabon Birni, ko kuwa ya tuna yadda aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka hallaka shi a hannun ɓarayin daji a watan Agustan 2024, ba zai ga laifinsu ba.

Haƙiƙa mafi yawan aikin ɗan bindiga a wannan yanki da baki yake yin sa. Wani lokaci saƙon murya ne zai shiga wayar mai gari, wani lokaci kuma wanda aka sako bayan biyan fansa ne za a ɗora wa jawabi, cewa a tara kuɗi kaza kafin rana kaza, in ba haka ba kada kowa ya kuskura ya taka gona. Sai dattawa su zauna a zaure su raba kuɗin gida gida, wannan ya sayar da akuyarsa, wancan ya buɗe rumbun da ya tanada domin bazara. To, mene ne matsayin wannan saƙo a shari'a, tun kafin a zubar da jinin kowa?

Malaman mazhabar Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa, sun riga kowa amsa wannan tambaya a babin hiraba, domin a wurinsu duk wanda ya tsoratar da hanya har mutane suka kasa bin ta, ya zama muharibi, ko da bai kashe rai ba, ko da bai ƙwaci dukiya ba; kuma shugaba ne ke da ijtihadin zaɓar masa uƙuba daga cikin waɗanda aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta ambata. Ni a ganina babu fahimtar da ta dace da halin Sabon Birni da Isa kamar wannan, saboda ta gane cewa tsoro shi kansa ɓarna ne a bayan ƙasa.

Kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, shi ma ya ware babi ga tsoratarwa: ɗaurin da zai iya kai shekara 2, in kuwa barazanar ta kisa ce ko ta ƙona dukiya, har shekara 7. Amma wannan an yi shi ne domin rigimar mutum da mutum. Da fitinar Boko Haram ta tsananta aka kafa dokar hana ta'addanci a 2011, aka yi mata gyara a 2013 wanda ya haɗa mai aikata ta'addanci da mai yunƙurinsa da mai barazanar yinsa a layi ɗaya, hukuncin kuma yana iya kaiwa ga kisa. A watan Nuwambar 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Taiwo Taiwo, ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, sa'an nan a 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta maye gurbin ta farko.

Akwai wani sashe na wannan sabuwar doka da ya wajaba talaka ya sani, domin shi ya fi kusa da wuyansa. Wanda ya taimaka wa 'yan ta'adda da saninsa, ɗaurinsa ba ya gaza shekara 20, kuma ɓoye labarinsu shi ma laifi ne. Wannan adalci ne a kan mai kai musu rahoto da mai sayar musu da fetur da makamai domin riba. Amma manomin da aka ce ya kawo haraji ko a ƙone garinsa, wanda in ya kai ƙara ba shi da tabbacin kwana lafiya, mukrahi ne, wato wanda aka tilasta, kuma wajibi ne mai bincike da alƙali su bambance shi da maha'inci.

A watan Disambar 2024 gwamnatin tarayya ta gurfanar da wasu da ake zargi da taimaka wa Turji a gaban kotu a Abuja, shi kuwa aka ambace shi a takardar tuhuma cikin waɗanda ba su shiga hannu ba. Bayan watanni kaɗan ne saƙonsa ya isa Bafarawa.