Dunƙulen Nama a Tukunyar Furesha: Girki, Kiyaye Lafiya da Lissafin Riba

Wannan darasi na matan ƙungiyar asusu ne da ke son fara sana'ar abinci daga cikin gida, musamman a unguwannin cikin birni irin su Sheshe, Mandawari da Marmara, inda gidaje ke manne da juna kuma mai saye ba ya nisa. Dunƙulen nama, wanda 'yan mata ke kira mitbol, yana tafiya a biki da suna da walima, yana kuma tafiya sosai a buɗa-baki lokacin azumi. Sai dai sana'ar nama ba kamar ta awara ko ƙosai ba ce. Jarinta ya fi nauyi, kayanta na saurin lalacewa, kuma kuskure ɗaya zai iya kwantar da mai saye. Don haka kafin 'yar uwa ta ɗaga hannu a taro ta ce a ba ta rance, ya kamata ta san abu 3: yadda tukunyar ke aiki, yadda ake girkin, da yadda ake lissafi.

Yadda tukunyar ke aiki

A tukunyarmu ta kullum, ruwa na tafasa ne a wajen digiri 100 na ma'aunin zafi. Ko kin ƙara wuta ba zai wuce nan ba, sai dai ruwan ya ƙone, gas ɗinki ya tafi a banza. Ita kuwa tukunyar furesha murfinta yana da roba da ke toshe ko'ina, tururi ba ya samun hanyar fita. Idan ya taru a ciki sai ya danne ruwan, zafi ya hau zuwa wajen digiri 120. Wannan ƙarin zafin ne ke sa abin da zai ci awa 2 ya nuna cikin minti 40 ko ƙasa da haka. Dabarar ba sabuwa ba ce: wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya fara ƙera irinta a shekarar 1679, don ya laushe ƙashi.

Sassa 4 za ki riƙa dubawa: robar murfi, ɗan bututun da tururi ke bi, ɗan ƙarfe mai nauyi da ke zama a kan bututun yana yin busa, da kuma ƙaramin bawul na kariya da ke buɗewa idan bututun ya toshe.

Ga gaskiyar da mai shago ba zai faɗa miki ba. Dunƙulen nama shi kaɗai ba ya cin wuta da yawa, ko a tukunyar gargajiya minti 25 ya ishe shi. Inda furesha ke fanshe kuɗinta shi ne ƙashi, ganda, ƙafar saniya, kayan ciki da wake. Saboda haka mai son sayen tukunyar ta haɗa sana'a 2 ko 3 a kanta: yau dunƙule da miya, gobe farfesu, jibi wake da shinkafa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin sufuri ya hau, kayan masarufi suka bi shi, kowace mai girki ta san makamashi ya zama babban kaso a lissafinta. Duk mintin da kika rage a kan wuta kuɗi ne ya dawo aljihunki.

Kayan haɗi na kilo 1

- Jan naman sa kilo 1, mai ɗan kitse. Kitsen ya zama kamar kashi 1 cikin 5. Idan babu kitse sam, dunƙulen zai yi tauri kamar roba.
- Albasa matsakaita 2, attaruhu 3, tafarnuwa da ɗanyar citta
- Ƙwai 2
- Busasshen burodi da aka murmushe, kofi 1
- Masoro, kanumfari kaɗan, gishiri da magi
- Man gyaɗa na suya
- Na miya: tumatur, tattasai, attaruhu da albasa, a markaɗa
- Ƙashi kamar rabin kilo don romo

Wasu na sa garin ƙuli-ƙuli maimakon burodi, kuma yana ba da ɗanɗano irin na tsire. Idan kin sa, ki faɗa wa mai saye, don akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan.

A sayi nama da safe, ko a abbatuwa ko wajen mahaucin da kuka saba da shi a Kasuwar Rimi ko Kurmi. Naman da ya wuni a kan tebur ƙuda na bi ba na niƙa ba ne, ko da an rage miki kuɗi. Idan aike za ki yi, ki gaya wa ɗan aiken ya tsaya a niƙa a gabansa, ya kuma ga an wanke injin. Idan a gida za ki daka, ki wanke turmi da taɓarya da ruwan zafi da sabulu kafin da kuma bayan daka.

Yadda ake yi

1. Fara da romo. Zuba ƙashi a tukunyar da albasa, citta da ruwa lita 1 da rabi. Rufe, idan ta fara busa ki rage wuta, ki ba ta minti 30 zuwa 40. Sauke, bar ta ta huce da kanta, sannan ki tace.

2. Jajjaga albasa, attaruhu, tafarnuwa da citta, ki matse ruwan albasar. Ruwan nan shi ke sa dunƙule ya wargaje.

3. Haɗa niƙaƙƙen nama ɗanye da jajjagen, ƙwai, burodi da kayan ɗanɗano. Ki cakuɗa da hannu har sai ya fara danƙo. Kada ki tafasa naman kafin ki daka kamar na dambu. Dafaffen nama ba ya kama jikinsa.

4. Soya ɗan mitsitsi ki ɗanɗana. Ba a ɗanɗana ɗanyen nama a baki.

5. Shafa mai a tafin hannu ki mulmula. Ki auna da cokali ɗaya don su zo daidai, kamar girman ƙaramin lemon tsami. Kilo 1 yakan ba da wajen guda 40.

6. Soya su sama-sama a kasko, minti 2 zuwa 3, bayansu kawai ya yi ja. Wannan suyar ce ke riƙe su a cikin tukunya. Har yanzu cikinsu ɗanye ne fa.

7. Soya markaɗen miya a kasko daban har tsaminsa ya fita. A cikin furesha ki fara zuba romo kofi 2, ki jera dunƙulen, sannan ki zuba miyar a kai, kada ki juya. Tumatur mai kauri idan ya kwanta a gindin tukunya yakan kama ya ƙone kafin tururi ya taru.

8. Rufe ki ba ta wuta. Da ta yi busar farko ki rage wuta sosai, ki ƙirga minti 7. Kashe wuta ki bar ta minti 10. Kada ki ɗage ƙarfen busa don sauri: idan tururi ya fita farat ɗaya, miyar za ta tafaso da ƙarfi ta farfasa miki dunƙulen.

9. Idan tururi ya gama fita, buɗe murfin ta ɓangaren da ba ya kallon fuskarki. Idan miyar ta yi ruwa, ki mayar kan wuta a buɗe ta yi kauri.

10. Ɗauki mafi girma daga tsakiya ki raba shi biyu. Kada a ga ja ko ruwan jini. Mai ma'aunin zafin abinci ta tabbatar cikinsa ya kai digiri 71.

Me ya sa ake matsa wa niƙaƙƙen nama haka? A yankan nama, ƙwayoyin cuta suna zama ne a bayansa, wuta na taɓa su nan da nan. Idan aka niƙa kuwa, an cusa su har tsakiya. Tsire zai iya yin ɗan ja a ciki a ci lafiya, dunƙule ba zai yi ba.

Dokokin tukunya

- Kada a cika ta fiye da kashi 2 cikin 3. Idan wake ne ko wani abu mai kumfa, rabi kawai.
- Kafin kowane girki, ɗaga murfin ki leƙa bututun ta wajen haske. Idan ba ki ga haske ba, ki zura tsinke ki share.
- Kada ta hau wuta babu ruwa, aƙalla kofi 1.
- Ba a suya da mai a rufe a cikinta.
- Idan murfi ya ƙi buɗewa, akwai sauran tururi. Ba a sa wuƙa, ba a buga shi da muciya. A jira.
- Idan roba ta tsage ko ta saki, a canza. Ba a cusa leda ko tsumma, ba a kuma toshe bawul ɗin kariya da ƙusa ko a kai wa mai walda ya liƙe.
- Gas ko risho ya fi dacewa da ita, don ana iya rage wuta. A kan gawayi sai kin kwashe garwashi da ta fara busa. Itace yana lasar hannun tukunya da robar, a guje masa.
- Gidajenmu na cikin birni tsakar gida ɗaya ce da yara. A ajiye murhu a jikin bango, hannun tukunya ya kalli bango, kuma kada a bar wa yarinya tsaron tukunyar.

Idan tururi ya ƙona wani, a zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20. Ba a shafa manja, ƙwai ko man goge baki. Idan ƙunar ta yi faɗi, ko a fuska take, ko yaro ne, a wuce asibiti; Asibitin Murtala ba shi da nisa da mu.

Ajiya

Dafaffen nama kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. Idan zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce. Kun san kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan kai 40. Tunda wuta ba ta da tabbas, kada ki dogara da firji. Hanya mafi sauƙi ita ce ki karɓi oda tun jiya, ki dafa iya abin da aka nema, ya fita da zafinsa a kula. Ki sanar a WhatsApp, a makarantar Islamiyya, a gidan biki. Sana'ar oda tana da wani alheri kuma: ba sai an cire yarinya daga makaranta an ɗora mata talla ba.

Lissafi

Farashi na canzawa kusan kowane mako, don haka waɗannan lambobi misali ne kawai. Kowa ta sa nata na ranar da ta yi cefane.

- Nama da ƙashi: N7,000
- Niƙa: N300
- Ƙwai, burodi, kayan ƙamshi: N1,200
- Kayan miya: N1,500
- Mai: N1,000
- Gas: N400
- Robar zuba abinci guda 10: N1,000
- Kuɗin adaidaita: N600

Jimla N13,000. Idan kin samu guda 40, kowane ɗaya ya tsaya miki a N325. Ki zuba 4 a roba ki sayar N1,600, roba 10 ta ba ki N16,000. Riba N3,000.

To yanzu ki lura. Maigida da yara sun ci roba 1, maƙwabciya ta ɗauki 1 ta ce sai ƙarshen wata. Saura 8, kuɗinsu N12,800. Kin wuni a gaban wuta, kin kuma yi asarar N200. Ba a ce kada iyali su ci ba, amma a rubuta shi, a biya daga kuɗin cefane. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai jarin da aka ranto daga akwatin ƙungiya ba naki ba ne ke kaɗai, kuɗin mata 20 ne ko fiye.

Haka batun tukunya. A ce kuɗinta N36,000, za a biya cikin mako 12: N3,000 ke nan duk mako. Mai girki sau 1 a mako duk ribarta za ta tafi a biyan bashi. Mai odar sau 3 a mako kuwa za ta biya ta kuma ga saura. Saboda haka ki fara da tukunyar da kike da ita. Idan kin yi wata guda oda na zuwa, sannan ki kawo maganar furesha gaban taro da littafinki a hannu.

Idan ƙungiya ce za ta saya

Tsarin asusun da muke bi ya samo asali ne daga Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan yankin Maraɗi a Nijar a 1991. Tushensa shi ne abin da mace ɗaya ba za ta iya ba, mata da yawa za su iya. Ƙungiya za ta iya sayen tukunya 1 mai lita 7 ko 8, ta riƙa ba mambobi haya ta kwana. Wannan ya dace da waɗanda ba sa son mu'amala da kuɗin ruwa, don haya ce ta kaya, kuma kuɗin na komawa akwati a raba ranar rabo. Kafin a saya a amince da waɗannan a rubuce:

- Wa za ta ajiye tukunyar, kuma nawa ne hayar kwana 1
- Magatakarda ta rubuta sunan mai ɗauka da ranar dawowa
- A duba roba, ƙarfen busa da bawul a gaban shaida lokacin ɗauka da lokacin dawowa
- Robar da ta tsufa ƙungiya ce za ta canza. Abin da aka ɓatar ko aka fasa, mai haya ce za ta biya
- Ba a ba wadda ba ta halarci gwajin girki ba
- Lokacin azumi da bukukuwa a bi layi, ba a duba girma ko kusanci

Wajen saye, ko a Sabon Gari ko Ƙofar Wambai, tambayar farko ita ce: ana samun robar wannan samfurin? Idan babu, a bar ta komai arharta. A sayi roba 1 ta ajiya tun ranar. Ta gwanjo kuwa sai an gwada ta da ruwa zalla an ga ta yi busa, tururi ba ya tsiyaya ta gefe.

Aikin mako mai zuwa

Kowace mamba mai sha'awa ta zo da farashin kayan nan 8 na wannan makon, ta fitar da kuɗin dunƙule guda 1, ta kuma faɗi mutum nawa ta tabbatar za su saya. Za a yi gwajin girki da rabin kilo a gidan shugaba, kowa ta rufe tukunyar ta buɗe da hannunta. Allah Ya sa albarka a neman kowa.