Doug Williams: Gwarzon da aka raina wa albashi

A ƙwallon Amurka, wadda ake bugawa da hannu fiye da ƙafa, babu gurbin da ya kai na kwatabak daraja. Shi ke nazarin tsayuwar abokan hamayya, ya ba da umarni, ya jefa ƙwallo cikin 'yan daƙiƙu kafin ƙarti su danne shi. Da yake aiki ne na ƙwaƙwalwa da jagoranci, masu ƙungiyoyi sun daɗe suna ganin ya fi ƙarfin baƙar fata. Matashi baƙi da ya yi fice a wannan gurbi a jami'a, sau da yawa akan sauya masa matsayi da zarar ya shiga gasar ƙwararru ta NFL.

Doug Williams bai yarda an sauya masa ba. An haife shi a garin Zachary na jihar Louisiana a 1955, ya kuma yi wasa a Jami'ar Grambling, ɗaya daga cikin jami'o'in da aka kafa domin baƙaƙen fata, a hannun mashahurin koci Eddie Robinson. A 1978 ƙungiyar Tampa Bay ta ɗauke shi a zagayen farko, na 17 a jerin zaɓe, bisa shawarar wani mataimakin koci mai suna Joe Gibbs, wanda ya je har Grambling ya gwada saninsa.

Kafin zuwansa Tampa Bay abar dariya ce, domin ta yi rashin nasara a wasanninta 26 na farko a jere. Cikin shekara biyar Williams ya kai ta zagayen fitar da gwani sau uku. Amma albashinsa dala 120,000 ne a shekara, mafi ƙanƙanta a tsakanin takwarorinsa, har ma akwai 'yan benci 12 da suka fi shi ɗauka. Da kwantiraginsa ya ƙare ya nemi 600,000, mai ƙungiyar, Hugh Culverhouse, ya kafe a kan 400,000. Ana cikin wannan ja-in-ja, a 1983, matarsa ta rasu ta bar masa jaririya. Williams ya tattara nasa ya nasa ya koma sabuwar gasar USFL. Rowar ta yi wa Tampa Bay tsada: ba ta sake ganin zagayen fitar da gwani ba sai 1997.

Da USFL ta rushe, Gibbs, wanda ya zama kocin Washington, ya tuna da shi, ya kira shi a 1986 a matsayin ɗan benci. Duk tsawon kakar nan sau ɗaya tak ya jefa ƙwallo.

Ranar 31 ga Janairun 1988 aka kara da Denver a wasan ƙarshe na Super Bowl a San Diego. Ana gobe wasan, likitan haƙori ya yi masa aiki. Tun a zango na farko Denver ta yi gaba da maki 10 da nema, shi kuma ya zame ya ji ciwo a gwiwa. Ya dawo fili yana ɗingishi. A zango na biyu, mai minti 15 kacal, ya yi jifa huɗu da suka kai ƙwallo gidan abokan hamayya, Washington ta tara maki 35. Aka tashi 42 da 10, aka ba shi kyautar gwarzon wasa, ya zama baƙar fata na farko da ya ci wannan kofi a gurbin kwatabak.

Kofin bai saya masa dogon zama ba. Ciwon baya ya matsa masa, bayan kakar 1989 Washington ta sallame shi. A 1998 ya koma Grambling ya gaji kujerar malaminsa Eddie Robinson, wanda ya shafe fiye da shekara 50 a kanta.