Biyar da Ashirin ko Ashirin da Biyar? Inda Lissafi Ke Kayar da Yaran Mayo

A Mayo, unguwar kudancin Khartum inda Hausawa suke da yawa, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, yaro yana jin Hausa a gida, ya yi ciniki da Larabcin Sudan a kasuwa, sannan a firamare a miƙa masa littafin lissafi da Larabcin littafi. In ya faɗi jarrabawa sai a ce kansa ba ya ja. A ganina ba a nan gizo yake saƙar ba. Galibi yaron ya iya tarawa da ɗebewa. Abin da ya ɓace masa shi ne labarin da tambayar take bayarwa.

Dubi ƙirga kanta. Daga Larabci muka aro ashirin, talatin, har zuwa casa'in, amma tsarin bai zo tare da kalmomin ba. Bahaushe yana cewa ashirin da biyar, Balarabe kuwa biyar yake fara ambata, sannan ashirin. Yaron da ya rubuta abin da kunnensa ya fara ji zai iya sa 52 a maimakon 25, alhali ya san adadin sarai. Alƙaluman littafinsa ma suna da nasu tarkon ga wanda ya saba da na waya: biyar tana kama da sifili, sifilin kuma ɗigo ne. Wannan mai sauƙi ne, mako guda na aiki ya isa. Babbar matsalar tana cikin tambaya mai labari, inda yaro yake tsintar lambobi ya yi ta gwada sa'a, ko ya tara ko ya ninka, don bai ga hoton abin ba.

A 1985 wasu masana uku, Terezinha da David Carraher da Analúcia Schliemann, sun gwada yara biyar masu talla a birnin Recife na Brazil. A wurin ciniki sun ci kusan kashi 98 cikin ɗari na tambayoyi. Da aka ba su lambobin zalla a takarda, sai suka sauko kusan kashi 37. Yara biyar ba su da yawa, amma duk wanda ya taɓa karɓar canji a hannun mai tallar gyaɗa ya san gaskiyar zancen. Saboda haka, kafin yaro ya taɓa alƙalami, a sa shi ya maimaita tambayar da harshen da yake tunani da shi: me aka ba ni, me ake nema? Ga misali daga rabon gado, inda sulusi da rubu'i da sumuni suka daɗe a bakin malamanmu. Mutum ya rasu ya bar fam 24,000, magadansa mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da 'ya'ya mata uku. Sumunin matar 3,000 ne, saura 21,000. Namiji yana da rabon mace biyu, kaso bakwai ke nan, kowanne 3,000. Yaron da ya zana kaso bakwai a ƙasa ya riga ya shiga aljabara bai sani ba. Shi kansa Alkhawarizmi, a littafinsa na Bagadaza wajen shekarar 820, da kalmomi ya warware irin waɗannan tambayoyi, ba da alamomi ba.

Wani zai ce da Larabci ake jarrabawa, kuma yaran Mayo da dama sun fi jin Larabci a kan Hausa. Haka ne. Sai dai Larabcin layi daban, na littafi daban, kuma ba cewa ake a sauya harshen aji ba. A bar yaro ya bi ta harshen da ya fi ƙarfi, kowanne ne, sannan ya rubuta amsa da na littafi. Wani kuma zai ce hadda ita ce tushe, kamar a halwa, wato makarantar allo. Jadawalin ninkawa kam sai an haddace shi, amma hadda ba ta gaya wa yaro lokacin da zai ninka. Ga kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu 2023, wanda ya rufe makarantun Khartum. Yaron da ya koma aji bayan dogon zama zai iya manta darasin littafi, amma lissafin canji da mudu da galan na ruwa yana nan a kansa, kuma daga nan malaminsa zai fi samun bakin zare.