Sabuwar ƙofa: a gwada ta tun a makon farko

Iyalai da dama a nan sun bar tanti sun koma ɗakin bulo, an kuma sa musu sabbin ƙofofi. Ƙorafin da muka fi ji shi ne ƙyaure na gugar ƙasa, ko sakata ta ƙi shiga raminta sai an ɗaga ƙofar da ƙarfi. Ƙofar da sai namiji mai ƙarfi ne ke iya kulle ta ba za ta amfani mace da yaranta da dare ba, shi ya sa muke roƙon kowane gida ya gwada tasa tun yanzu.

Idan da siminti aka kafa firam ɗin, ku ba shi kamar kwana 7 kuna yayyafa masa ruwa, kada a riƙa buga ƙofar kafin ya kama. Bayan haka ku buɗe ƙyauren zuwa rabi ku sake shi. Idan ya tsaya cik, to lafiya. Idan ya tafi da kansa, firam ɗin ya karkace. Ku ɗaura ɗan dutse a zare ku sako shi daga saman firam, za ku ga inda ya kauce. Ku kuma auna da igiya daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sannan ɗaya gicciyen; tsawon biyun ya zama ɗaya. In sun bambanta, aikin magini ne, a kira shi.

Abin da muka fi son ku riƙe shi ne kada ku yi saurin sa wa ƙyaure zarto ko adda. Mafi yawan lokuta laifin yana wurin hinjin sama, domin shi nauyin ƙofa ke fizga. Da sukurunsa ya yi sako-sako, gefen sakata zai sunkuya ya fara jan ƙasa. Ku ɗaga ƙyauren da hannu. In kun ji yana motsi, ku ɗaure sukurun. In ramin ya buɗe har sukuru ba ya kamawa, ku cusa tsinken ashana uku ko huɗu a ciki ku mayar da shi, ko ku sa wanda ya fi shi tsawo. Ƙofar ƙarfe kuwa mai walda ne zai gyara ta. Kuma a hana yara lilo a jikin ƙofa, don shi ne ke saurin kashe hinji.

Katako yana tafiya da yanayi. Da hunturu yakan bushe ya tsuke, da damina ya sha danshi ya kumbura. Ƙyauren da aka sa da rani ya cika firam dam, to a watan Agusta zai cije. A bar tazarar kamar milimita 3 a sama da gefuna biyu, wato kaurin tsinken ashana da ɗan ƙari. Idan lallai sai an rage, ku shafa gawayi a firam ku rufe ƙofar. Inda baƙin ya fito a ƙyaure nan kaɗai za a kankare, kaɗan-kaɗan. Haka ma sakata: gawayi a bakinta zai nuna inda take bugawa, sai a gyara ramin maimakon a lanƙwasa ta. A shafa fenti ko baƙin mai a saman ƙyaure da ƙasansa, nan ne ruwa ke shiga, gara ma ta ƙasa take farawa.

Ƙasan ƙofa kuma wata magana ce. Ɓera yana iya ratsa tazarar da fensir zai shige, balle kunama. Da dare mutum ɗaya ya tsaya waje da tocila, ɗaya ya duba daga ciki. Inda haske ya yi yawa a ƙasa, ku yanko robar tsohon tub na babur ku kafa ta da ƙananan ƙusoshi. A ɗaga dokin ƙofa ya fi tsakar gida tudu, musamman ga waɗanda ƙofarsu ke kallon gabas, tunda daga can ruwa da iska suka fi bugowa.

Ɗakin da ƙofarsa ke rufuwa ruf ba a kwana da garwashi a cikinsa, komai sanyi. Gawayi na fitar da iska mai guba marar wari, tana kashe mutum yana barci. Sakatar ciki kuma ta zama wadda yaro mai wayo ko tsohuwa za su iya zarewa a cikin duhu idan gobara ta tashi, kuma kada a sa kwado ta waje alhali da yara a ɗaki.

Wanda gyaran ya fi ƙarfinsa, ko gidan da babu mai yi musu, a sanar da shugaban unguwa ko ma'aikatanmu masu kula da matsuguni, a faɗi lambar ɗakin. Gidan da ƙofarsa ba ta kulluwa sam, a kawo maganarsa a ranar, kada a bari ya kwana.